Igiyar da Aka Saki: Labarin Jirgin Meduz

 Yau za mu bar tudu mu shiga teku, mu koma shekarar 1816, zamanin da galibin jiragen ruwa ba su da inji, iska ce ke tura su ta manyan filafilan zane da ake ɗaurawa a jikin dogayen turaku. Don ku gane nisan lokacin, a ƙasar Hausa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye, saura shekara guda ya rasu. Abin da za mu ba ku labari ya faru ne a nan yammacin Afirka, a tekun da ke gaban ƙasar Muritaniya ta yau. Akwai wurare masu tayar da hankali a cikinsa, saboda haka in da ƙananan yara kusa da rediyo, iyaye a lura.

A 1815 aka ci Napoleon, mai mulkin Faransa, da yaƙi, sarauta ta koma gidanta na da a Faransa, Sarki Louis na 18 ya zauna a kan karaga. Cikin yarjejeniyar sulhu, Ingila ta amince ta mayar wa Faransa garin Saint-Louis da ke bakin kogin Senegal, wanda mutanen wurin ke kira Ndar. Gari ne na cinikin ƙaro, da kuma cinikin bayi. Sai Faransa ta shirya jirage huɗu su kai sabon gwamna, Kanar Julien Schmaltz, da sojoji da ma'aikata, su karɓi garin. Babban cikinsu shi ne jirgin yaƙi mai suna Meduz, ɗauke da mutum kusan 400.

Wa aka damƙa wa wannan jirgi? Wani basarake ne, Hugues Duroy de Chaumareys, wanda ya haura shekara 50. Ya gudu daga Faransa lokacin juyin juya hali, kuma rabonsa da aikin teku ya fi shekara 20. Abin da ya ba shi kujerar kyaftin shi ne biyayyarsa ga gidan sarauta. A ƙarƙashinsa akwai hafsoshin da suka kwashe shekaru suna gwabzawa da Ingila a kan ruwa, sun san aiki, amma ana yi musu kallon mutanen Napoleon. Tun kafin a ɗaga anka, shi bai yarda da su ba, su kuma ba su ga girmansa ba.

Ran 17 ga Yuni suka tashi daga kusa da Rochefort. Meduz ya fi sauran gudu, kyaftin kuwa yana son ya burge gwamna, sai ya bar jirage biyu, Loire da Argus, a baya. Ɗaya kawai, mai suna Echo, ya iya binsa.

A kan hanyar akwai wani wuri da kowane matuƙi ke tsoro, ana ce masa Argin. Shimfiɗar yashi ce makekiya a ƙarƙashin ruwa, wadda ta miƙe daga gaɓar Muritaniya zuwa can cikin teku. Daga sama ruwa ne fetal, amma zurfinsa bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya taɓa fito a Kwara ko Binuwai da rani ya ga yadda mai kwale-kwale ke karanta fuskar ruwa yana kauce wa tudun yashi. To haka ake yi a Argin, sai dai nan kuskure ɗaya ya isa. Ma'aikatar sojan ruwa ta ba kyaftin umarni a rubuce: idan ya hango tsinin ƙasar da Turawa ke kira Cap Blanc, inda garin Nuwadibu yake a yau, ya yanka cikin teku sosai kafin ya juya kudu.

Maimakon ya saurari hafsoshinsa, sai kyaftin ya ɗauki shawarar wani fasinja mai suna Richefort, mutum mai cika baki, wanda ya ce ya san wannan ruwa kamar tafin hannunsa. Suka hango wani abu fari can nesa, suka ce Cap Blanc ne, alhali wasu a jirgin sun ce gajimare ne. Da dare jirgin Echo ya yi ta kunna fitilu yana yi musu alama, ya karkata ya nufi zurfi, ya kuma isa Senegal lafiya lau. Meduz ya miƙe.

Da safiyar 2 ga Yuli ruwa ya sake launi. Shuɗin nan mai duhu ya koma kore-kore, ana ganin yashi yana tashi a cikin igiyar ruwa, ga ciyawar teku tana yawo, ga kifi ana ta kamawa. Matuƙan da suka san aiki hankalinsu ya tashi. Wani ƙaramin hafsa mai suna Maudet ya jefa ma'aunin zurfi, wato darma a bakin doguwar igiya. Ya samu gaba 18. Aka gaya wa kyaftin, ya sa aka ɗan karkata. Aka sake jefawa: gaba 6. Kafin jirgi ya juya, sai aka ji ƙasansa ya gogi yashi, ya ɗan matsa, ya sake gogawa, ya kafe. Wajen ƙarfe uku na yamma ke nan, rana tsaka, babu hadari, babu guguwa. Abin takaici kuma, ya kafe ne daidai lokacin da teku ta kai ƙarshen cikarta, don haka babu wani ruwan da zai zo daga baya ya ɗaga shi.

Kwana uku suna fama. Sukan kai anka nesa da kwale-kwale su jefa, sannan su ja igiya da ƙarfin tsiya. Ma'aikata suka ce a rage nauyi, a zubar da igwogi. Kyaftin ya ƙi, ya ce kayan sarki ne. Aka ce to a zubar da gangunan fulawa, gwamna ya ƙi. Daren 4 ga wata iska ta taso, jirgi ya tsage, ruwa ya fara shiga.

Kwale-kwale shida ne a jirgin, ba za su ɗauki mutum 400 ba. Dama an harhaɗa turaku da katakai an ɗaure da igiyoyi, an yi wani gado mai tsawon mita 20 da faɗin mita 7, da nufin ɗora kaya. Sai aka yanke shawara a zuba mutane a kansa, kwale-kwalen su ja shi zuwa gaɓa, tazarar kilomita 50 ko fiye. Manya suka rubuta sunayen wanda zai shiga ina. Aka zura gwamna cikin nasa kwale-kwalen yana zaune a kan kujera, tare da matarsa da 'yarsa da akwatunansu, da sauran wuri a ciki. Kyaftin ya sauka ya shiga nasa tun da sauran mutane a jirgi, abin da dokar teku ta haramta, don kyaftin shi ne na ƙarshen fita.

A kan gado kuwa aka loda mutum 147, galibinsu ƙananan sojoji, da 'yan matuƙa da leburori, da hafsoshi kaɗan, da mace guda, mai sayar wa sojoji abinci, wadda ta biyo mijinta. Nauyi ya danna gadon, na gaba da na baya ruwa ya kai musu ƙugu. Tsakiya ce kawai ta ɗan ɗago, nan hafsoshi suka tsaya. An karɓe bindigogin sojoji kafin su hau, hafsoshi kuwa suna riƙe da nasu. Babu filafilin tuƙi, babu anka, babu taswira. Abinci buhun biskit ɗaya ne, shi ma ya faɗa ruwa ya jiƙe ya zama kunu. Sai gangunan giya shida da na ruwa biyu. Mutum 17 suka kalli wannan abu, suka ce gara su zauna a cikin fasasshen jirgi.

Aka fara ja. Gadon ya yi nauyi, maimakon kwale-kwale su ja shi, shi yake jan su. Ba a yi nisa ba, sai aka saki igiya. Daga baya gwamna ya dage cewa tsinkewa ta yi. Waɗanda ke kan gado sun ce da idonsu suka ga an kwance ta daga kwale-kwalen gwamna. Da farko ba su yarda an yashe su ba, suka ɗauka an hango wani jirgi ne za a je a kira shi. Suna tsaye cikin ruwa suna kallo har kwale-kwalen suka ɓace.

Masu sauraro, ku riƙe wannan wuri. Duk abin da za ku ji daga nan, daga wannan igiya ya taso.

Ranar farko suka cinye biskit ɗin. Da dare teku ta yi fushi, igiyar ruwa tana kwasar mutane, wasu ƙafafunsu suka maƙale tsakanin katakai suka mutu a nan. Gari ya waye babu kimanin mutum 20. Dare na biyu ya fi muni. Kowa yana kokawar shiga tsakiya, ana danne juna har numfashi ya ɗauke. Wasu sojoji da suka fid da rai suka huda gangar giya suka sha a kan yunwa. Likitan jirgi Henri Savigny da injiniya Alexandre Corréard, waɗanda suka tsira suka rubuta littafi a kan lamarin, sun ce sojojin sun tasam ma sare igiyoyin da suka ɗaure gadon don kowa ya mutu a huta. Hafsoshi suka zare takubba. Aka yi ta sara da suka cikin duhu, a kan katakai masu santsi, har da cizo. Da asuba mutum fiye da 60 sun tafi, gangunan ruwan nan biyu ma sun faɗa teku.

A nan nake so mu yi tunani. Tarihi ya rubuta wannan dare a matsayin tawayen sojoji, to amma su wa suka ba da labarin? Mutanen tsakiya, masu makamai. Su da kansu sun rubuta cewa a wannan gumurzu mutum biyu kawai suka rasa daga ɓangarensu, kuma babu hafsa ko ɗaya a ciki. Sittin a can, biyu a nan. Ba na ƙaryata cewa maye da firgici sun haukata sojojin. Amma mutumin da ruwa ke kwasar abokansa a gefensa, ya ga wasu a tudu, ya kutsa yana neman inda zai sa ƙafa, da wuya in kira shi ɗan tawaye. Babu ko ɗaya daga cikin matattun nan da ya samu damar faɗin nasa. Kuma duk mutum ɗaya da ya faɗa ruwa, gado yana ƙara ɗagowa, rabon giyar kowa yana ƙaruwa. Waɗanda suka rage sun san da haka.

A rana ta uku yunwa ta kai su inda ba a so. Sun gwada tauna fatar ɗamara da ta hula, abin ya gagara. Wasu suka fara yankar naman gawa. Hafsoshi suka ƙi da farko, daga baya kowa ya ci. Ranar huɗu wasu ƙananan kifaye masu tsalle suka faɗo cikin gadon, aka samu ɗan abin taɓawa, bai kai ko'ina ba. Ni dai ba zan zauna a ɗakin watsa shiri, da ruwan sanyi a gabana, in yanke wa mai kwana uku cikin gishiri da rana hukunci a kan wannan ba. Allah kada Ya jarrabe mu da abin da ba za mu iya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na bayansa. An sake wani faɗan da dare, aka ce wasu Sifaniyawa da Italiyawa da baƙaƙen fata ne suka ƙulla makirci. Mutum 30 suka rage. Aka kama sojoji biyu suna zuƙar giya a ɓoye da ɗan bututu, aka jefa su ruwa. Wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Léon ya cika. Saura 27. Ruwan gishiri ya saɓule musu fatar ƙafafu, jikinsu duk gyambo. Sai masu ɗan ƙarfi suka zauna suka yi lissafi, da hankalinsu, ba cikin maye ba: giyar da ta rage ta kwana huɗu ce, amma in aka rage baki za ta ƙara kwanaki. Suka ware mutum 12 marasa lafiya, har da matar nan da mijinta, waɗanda a daren faɗa an tsamo su daga ruwa an cece su. Matuƙa uku da soja ɗaya suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya suka jefa a teku. Da aka gama, sai suka tattara makamai suka zubar, suka bar takobi guda. Mutum 15 ke nan.

Su kuma na kwale-kwale fa? Gwamna da kyaftin sun isa Saint-Louis cikin 'yan kwanaki, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Sauran kwale-kwalen da suka cika maƙil, ƙishirwa ta sa suka fita gaɓa, mutane suka kama tafiya a ƙasa cikin rairayin Sahara, maza da mata da yara, wasu ba takalmi. Makiyayan wurin suka gamu da su. Wasu sun ƙwace musu kaya, wasu sun sayar musu da ruwa da nono da tsada, wasu kuma suka yi musu jagora har bakin kogin Senegal. Akwai ayarin da ya yi fiye da mako biyu a hanya. Duk da haka mafi yawansu sun kai da rai. Hamada ta fi shugabanninsu tausayi.

Ran 17 ga Yuli da safe, a rana ta 13 da sakin igiya, ɗaya daga cikin mutanen gado ya hango tsinin turakun jirgi can ƙarshen gani. Suka miƙe bakin ƙarfen ganga, suka ɗaura ƙyallaye, suka ɗaga mutum ɗaya yana kaɗawa. Jirgin ya ɓace. Suka koma ƙarƙashin 'yar rumfar da suka yi da zane, suka kwanta jiran mutuwa. Bayan kamar awa biyu wani ya leƙa waje, sai ga jirgin dab da su, filafilai a buɗe. Argus ne, wanda aka bari a baya tun farkon tafiya. An aiko shi ya duba gaɓa ya kuma nemo fasasshen jirgin, wanda ke ɗauke da kuɗin gwamnati faran 90,000. Matuƙansa sun tarar da mutum 15 tsirara, fata ta ƙone, idanu sun zurma, ga yankakken nama a rataye a igiya yana shan iska. Biyar daga cikinsu suka mutu ba da jimawa ba a Saint-Louis. Su kuwa 17 da suka zauna a Meduz, sai bayan kwana 52 aka kai gare su, aka samu uku da rai.

Gwamna Schmaltz ya so a rufe maganar. Ya sa aka rubuta takarda cewa igiya tsinkewa ta yi, aka bi majinyata har gadon asibiti ana neman su sa hannu. Corréard ya ƙi. Savigny ya koma Faransa ya miƙa rahoto ga ma'aikatar sojan ruwa, rahoton ya sulale ya faɗa hannun 'yan jarida, ran 13 ga Satumba 1816 jaridar Journal des Débats ta buga shi. Ƙasa ta ɗauka. Tambayar da kowa ke yi ita ce, wa ya ba wannan mutum jirgi? Gwamnati ta fusata, amma fushinta a kan waɗanda suka tona asiri ya sauka. Savigny da Corréard duka suka rasa aikinsu. A 1817 suka fitar da littafinsu, aka yi ta rububinsa, aka fassara shi zuwa wasu harsuna.

Wani matashin mai zane, Théodore Géricault, ya ɗauki lamarin da zafi. Ya zauna da waɗanda suka tsira, ya sa kafintan jirgin ya ƙera masa ƙaramin samfurin gadon, ya riƙa zuwa asibiti yana nazarin jikin majinyata da gawarwaki. A 1819 ya baje zanensa, mai faɗin kusan mita 7 da tsayin kusan mita 5, yana nan har yau a gidan tarihi na Louvre a Faris. Ya zaɓi lokacin da aka hango Argus. A can ƙololuwar tarin mutanen, wanda ke kaɗa ƙyalle, wanda kowa ya rataya ransa a hannunsa, baƙin mutum ne, yana wakiltar Jean Charles, sojan Afirka da ke cikin 15 ɗin nan. A zamanin da ake ci gaba da fataucin bayi a ɓoye daga gaɓar Senegal, wannan zaɓi ba ƙaramar magana ba ce. Corréard ma a littafinsu ya soki cinikin bayi, ya kuma zargi gwamnan da kau da kai a kansa.

Yashin Argin yana nan inda yake. Muritaniya ta mai da yankin wurin kare tsuntsaye da kifi, kuma a 1980 masu bincike suka gano ragowar Meduz a ƙarƙashin ruwa. Ta wannan teku ce kuma a yau kwale-kwalen matasan Afirka ta Yamma ke bi, daga Senegal da Nuwadibu, suna neman tsibiran Kanari na Sifaniya, a cunkushe, da ruwan sha na 'yan kwanaki. Wanda duk ke da ɗa ko ƙane mai wannan niyya, ya ba shi labarin nan, ya tambaye shi ko ya san wanda zai riƙe masa igiya.

Sai mu koma kan shari'ar kyaftin. A farkon 1817 kotun soja ta zauna a Rochefort. Doka ta tanadi kisa ga kyaftin ɗin da ya gudu ya bar mutane a jirginsa. Kotun ta same shi da laifin kifar da jirgi da barinsa kafin lokaci, ta kore shi daga aiki, ta ƙwace lambobin girmansa, ta ɗaure shi shekara uku. Ya gama zamansa ya koma gida, ya rayu har 1841. Schmaltz ya karɓi Saint-Louis daga hannun Ingila, ya ci gaba da zama gwamna har 1820. Ministan da ya naɗa kyaftin ɗin bai tsaya gaban alƙali ba. Game da mutum fiye da 130 da suka halaka a kan gado, da wanda ya kwance igiya, da wanda ya ba da umarni, ba a hukunta kowa ba. A ganina an yi wa jirgin katako shari'a, an bar jinin mutane a banza.